Bakan Gizo a Majami'a: Sharhi a kan Tarihi da Fasalin Cocin Wusasa

1.0 Gabatarwa

In aka tambayi ɗalibi a Gaya ko Ajingi, ko wani gari na gabashin Kano, ya siffanta coci, abin da zai kawo shi ne dogon ɗaki na bulo da siminti, mai rufin kwano da tagogin gilashi. In kuma aka ce ya siffanta ginin Hausa, sai ya ambaci soro da zaure da zankwaye, ya danganta su da fada ko masallaci ko gidan attajiri. A tunaninsa waɗannan abubuwa biyu ba su taɓa haɗuwa a wuri guda ba. Ba za a ga laifinsa ba, domin manyan ayyukan da aka yi a kan ginin Hausa, irin su kundin digiri na uku na Hamman Tukur Sa'ad (1981), da littafin J. C. Moughtin (1985), da na Z. R. Dmochowski (1990), sun fi mai da hankali ne ga masallatai da fadoji da gidajen zama, tun da a nan ne sana'ar ta fi yawa, kuma a nan ta fi bunƙasa.

Manufar wannan takarda ita ce ta yi sharhi a kan wani gini da ya haɗa abubuwan nan biyu, wato Cocin St. Bartholomew da ke Wusasa, kusa da birnin Zariya, wanda aka gina a 1929. Za a fara da kwatanta shi da gine-ginen ɗarikar Firesbiteriyan na Kalaba, domin a ga hanyoyi biyu da 'yan mishan suka bi. Sa'an nan za a duba tarihinsa da fasalinsa. Ra'ayin da takardar ta tsaya a kai shi ne cewa Hausancin wannan gini yana cikin dabarar da ta ɗauki rufinsa, kuma wanda ya tsaya ga adon jikin bango bai ga abin da ya kamata ya gani ba. Daga ƙarshe za a nuna abin da wannan ke nufi ga garuruwa irin su Gaya da Ajingi, inda ragowar magina suke.

2.0 Hanyar Kalaba

Ɗarikar Firesbiteriyan ta samo sunanta ne daga kalmar Girkanci mai ma'anar dattijo, saboda majalisar dattawa ce ke tafiyar da ikilisiya, ba bishop ba. Tushenta mafi ƙarfi yana ƙasar Sikotilan. Ta shigo ƙasar da daga baya ta zama Nijeriya ta bakin teku a 1846, lokacin da Hope Waddell ya sauka Kalaba tare da wasu mabiya daga tsibirin Jamaika. Mary Slessor ta biyo baya a 1876, ta zauna a wannan yanki har ta rasu a 1915. Ɗarikar ba ta kafa tasha a ƙasar Hausa a wancan zamani ba. Sai daga baya ne ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu maso gabas suka zo da ita unguwannin Sabon Gari.

Abin lura game da ginin waɗannan mutane shi ne, da jirgin ruwa ya zo. Misali mafi shahara shi ne ginin farko na makarantar Hope Waddell, wadda aka buɗe a 1895. A Gilasgo aka yanka katakonsa aka auna kwanonsa, aka loda su a jirgi, aka zo Kalaba aka harhaɗa. Akwai dalilai masu ƙarfi da suka sa haka. Kalaba tashar jiragen ruwa ce, ruwan sama kuma yana da yawa ƙwarai, ta yadda rufin ƙasa ba zai jure ba. Amma sakamakon shi ne, ginin ya zama baƙo a inda aka kafa shi: kayansa da ma'auninsa da fasalinsa duk daga waje suke, mutanen gari kuwa aikin ɗauko da riƙo kawai suka yi. Wannan ita ce hanyar da akasarin majami'un Nijeriya suka bi daga baya, ko da aka musanya katako da bulo.

3.0 Yadda Aka Kafa Wusasa

Labarin Arewa dabam yake. A 1900 wata tawagar ƙungiyar C.M.S. ta ɗarikar Angilikan, a ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta isa Kano. Sarki Alu Babba bai yarda su zauna ba, sai suka juya suka yi zango a Girku, a ƙasar Zazzau. Cikinsu akwai wani likita, Walter Miller, wanda daga baya ya samu shiga birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Shi ne ya ɗauki mafi yawan aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932. Ya rasu a 1952.

Wajibi ne a san ko su wane ne jama'ar da aka yi wa ginin, domin gini ba ya rabuwa da masu shigarsa. Wani sashe mai muhimmanci na jama'ar nan jikokin Isawa ne, wato mabiyan Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda irin matsayin da yake bai wa Annabi Isa a karatunsa. Mabiyansa suka watse zuwa iyakar Ningi da gabashin Zazzau. Wajen 1913 wasu daga zuriyarsu suka haɗu da Miller, aka kafa musu ƙauye a Gimi, har ciwon barci ya yi musu ɓarna, ya tilasta aka tashi. Ke nan mutanen nan Hausa ce harshensu, a ɗakunan ƙasa aka haife su, kuma tsarin zaure da soro ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Zaman mishan a cikin birnin Musulmi bai yi wa sarakunan Zazzau daɗi ba, haka kuma bai yi wa Turawan mulki daɗi ba, tun da sun yi alkawarin ba za su tsoma baki cikin addini ba. Bayan doguwar taƙaddama, a 1929 aka mai da mishan Wusasa, a gindin duwatsu, bayan ganuwa. A lokacin akwai wasu matasa da suka zo daga Jami'ar Kembirij domin aikin ƙasar Hausa, babbansu shi ne Guy Bullen, wanda ya jagoranci kafa sabon wurin, daga baya ya zama mataimakin bishop a Masar da Sudan, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1937. A Wusasa aka gina coci da makaranta da asibiti. Daga wannan jama'a ne Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, ya fito, haka kuma Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A nan ne kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi ya yi karatun firamare.

Bai kamata a ɗauka cewa cocin shi kaɗai ne ginin ƙasa da Turawa suka sa aka yi ba. A farkon mulkin mallaka siminti da kwano suna da tsada a Arewa, magina kuwa suna nan da yawa, saboda haka gidajen joji-joji da barikoki da makarantu da yawa da tubali aka yi su. Gidan Ɗan Hausa a Kano da tsohuwar Kwalejin Katsina shaidu ne. Abin da ya bambanta Wusasa shi ne, an buƙaci magina su rufe ɗaki guda mai ɗaukar taron jama'a, domin wata irin ibada da sana'arsu ba ta saba yi wa masauki ba.

4.0 Dabarar Rufi

Matsalar farko ta maginin Hausa ita ce tazara. Bango ba shi da wuya: a kwaɓa birji da ciyawa, a bar shi ya ruɓa, a mulmula tubali, a shanya, a jera, a yi gindin bango da kauri yana sirancewa yayin da yake hawa. Wahalar tana wajen rufi. Icen da aka dogara da shi shi ne azara, wato gangar giginya da aka tsaga, saboda tana da ƙarfi kuma gara ba ta cinta da sauƙi. Amma azara in aka shimfiɗa ta aka ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta iya tsallake fiye da kimanin ƙafa shida ba tare da ta lanƙwasa ba. Wanda duk ke son ɗaki ya fi haka faɗi, dole ya bi ɗaya daga cikin hanyoyi uku: ya cika ɗakin da ginshiƙai, ko ya fito da guntayen azara daga saman bango su rage tazarar, ko ya ɗaura baka.

Bakan gizo shi ne ƙololuwar wannan sana'a. Magini yakan dasa azara cikin bango tun daga ƙasa-ƙasa, ya karkata ta zuwa tsakiyar ɗaki, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bar ta ta bushe. Sa'an nan ya ɗora wata a kanta, ta ƙara fitowa, ta ƙara karkata. Haka ake yi hawa-hawa daga ɓangarorin biyu a lokaci guda, har su haɗu a sama. In bakuna biyu suka gitta juna, an sami ɗaurin guga. Gurabun da suka rage tsakanin bakuna sun zama ƙanana, azara za ta iya tsallake su, sai a shimfiɗa ta, a sa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a fitar da tulluwa, a kafa indararo domin ruwa ya sauka nesa da bango.

A nan ne ake yawan yin kuskure. Baƙon da ya shiga Wusasa ya ga bakuna sun tashi daga bango sun haɗu a sama, yakan ce magina sun kwaikwayi manyan majami'un dutse na Turai. Kamannin ido ne kawai. Bakan dutse na Turai yana tsayawa ne saboda duwatsun suna danne juna, kuma sai an kafa masa katakon tallafi a ƙarƙashi kafin a sa dutsen ƙarshe. Bakan Hausa kuwa ice ne a ciki, kowane ɓangare yana riƙe da kansa daga bango tun kafin ya gamu da ɗan'uwansa, saboda haka ba ya bukatar tallafi yayin gini. Masana sun yi saɓani a kan asalinsa, har Labelle Prussin ta danganta shi da lanƙwasassun sandunan bukkar makiyaya, amma ba wanda ya nemo masa asali a Turai. Wanda ya kai shi matuƙa shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), kusan shekara casa'in kafin Wusasa, kuma a gari guda. Saboda haka in ana neman kakan cocin Wusasa ta fuskar gini, a cikin ganuwar Zazzau yake.

5.0 Faɗi da Tsawo

Duk da haka cocin ba masallaci ba ne da aka sauya wa suna, kuma a nan ne gwanintar maginan ta fito. Masallaci yana bukatar faɗi, domin sahu yana miƙewa ne daura da bangon alƙibla, kuma ana son sahun farko ya ɗauki mutane da yawa. Ginshiƙai ba sa hana salla matuƙar ana jin liman, shi ya sa Babban Gwani ya iya raba zauren masallacinsa gida-gida, ya kafa manyan ginshiƙai masu ado, ya ba kowane gida tulluwarsa. Cocin Angilikan kuwa tsawo yake bukata. Teburin jibi yana can ƙarshen ɗaki, ana son kowa ya hange shi, kuma a bar hanya a tsakiya da masu hidima za su bi. Ke nan an buƙaci magina su ɗauki bakan da suka saba ɗaurawa a ɗaki mai kusurwa huɗu daidai, su jera shi ɗaya bayan ɗaya, ta yadda ido zai bi su har gaba. Baka ɗaya ne, amma aikin da aka sa shi ya sauya.

Akwai wani abin mamaki da kwatancin Kalaba ya fito da shi. Bayan gyaran addini na ƙarni na goma sha shida, majami'un Firesbiteriyan da yawa a Sikotilan sun ɗauke muhimmanci daga teburin jibi suka mai da shi ga wa'azi, suka kafa mumbari a tsakiyar dogon bango, jama'a suka zauna kewaye da shi, aka kuma kawar da gumaka da hotuna. Wannan tsari, na ɗaki mai faɗi da mumbari a dogon bango da rashin hoton mai rai, ya fi na Angilikan kusa da tsarin masallaci nesa ba kusa ba. Da Firesbiteriyan ne suka iso ƙasar Hausa, da maginan Zazzau ba su sha wahalar sauya komai ba. Amma su suka sauka a inda ginin ƙasa ba ya jure ruwa, waɗanda tsarinsu ya fi nisa da masallaci kuwa su suka faɗo hannun magadan Babban Gwani.

6.0 Yabo da Suka

Abin yabo a ginin a fili yake. Kaurin bango da rufin ƙasa suna tare zafin rana, su saki ɗumi da dare, abin da kwano ba ya yi, kuma duk wanda ya zauna ƙarƙashin kwano a watan Afrilu ya san bambancin. Murya tana tafiya a cikinsa ba tare da amsa-kuwwa mai yawa ba, ruwan sama kuma ba ya dukan rufi har ya danne mai magana. Daɗin daɗawa, kayan aikin daga ƙasar aka samo su, ladan aikin kuma hannun mutanen ƙasar ya shiga.

Amma sharhi na gaskiya ba ya tsayawa ga yabo. Na farko, yadda ake ba da labarin ginin yana da gyara. Sunayen da ake yawan ambata su ne na Miller da Bullen, alhali kuwa ba Miller ne ya san yawan azarar da baka ke bukata ba, ba kuma Bullen ne ya san ranar da hawa ɗaya ya bushe har za a ɗora na biyu ba. Magini ba ya aiki da zanen takarda, da ƙafa da kamu da ido yake awo, don haka shi ne mai tsarawa kuma shi ne mai ginawa. Tarihin da ya ba mai sa aiki matsayin mai fasaha ya tauye haƙƙin sana'a.

Na biyu, ginin bai haifi 'ya'ya ba. Lokacin da ƙungiyar S.I.M. ta samu izinin shiga ƙasar Kano a shekarun 1930, ta buɗe tashoshi, ta karɓi aikin kutare a Yadakunya, ta kafa asibitin ido a 1943, majami'un da suka biyo baya a karkara, da zarar jama'a ta samu hali, bulo da kwano suka nufa. Haka masallatai ma suka yi: an sauke tsohon Masallacin Juma'a na Kano aka gina na siminti wajen 1951. Dalilin bai tsaya ga son zamani ba. Ginin ƙasa yana cin kuɗi kowace shekara, tun ba ma a Zariya ba, inda ruwan sama ya kai kimanin milimita 1,000, ya fi na Kano. Sai an yi yaɓe, an toshe tsaga, an share indararo kafin damina. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka yake, kuma in ya kai ga azara ta ruɓe, baka ya tafi. Jama'ar da ta gaji da wannan hidima tana da hujja, bai kamata mai sharhi ya zarge ta da rashin kishin al'ada ba.

Na uku shi ne batun adanawa. A shekarun 1970 an lulluɓe masallacin Babban Gwani da sabon ginin siminti, aka bar zauren ciki, aka rasa surar waje. Wanda ke son ya ga yadda tulluwoyinsa suke a sarari, sai ya je Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka yi kwaikwayonsa bisa awon Dmochowski. An ceci gini, amma an yanke shi daga hidimar shekara-shekara, wadda ita ce makarantar da yaran magina ke koyon aiki. Wannan darasi ya shafi Wusasa kai tsaye, domin duk gyaran da zai sa a daina bukatar magini, zai bar gini ba mai iya gyara shi ran da ya tsage.

7.0 Abin da Ya Shafi Gaya da Ajingi

Gaya tsohon gari ne, har ruwayar baka tana cewa daga can ne Abagayawa maƙera suka taso suka zauna a gindin Dala. A can da Ajingi da ƙauyukansu, kamar sauran ƙasar Kano, har yanzu ana gina katanga da ɗakuna da ƙasa, amma rufi ya koma kwano. Wannan shi ne abin damuwa, domin kamar yadda aka nuna a sama, ilmin sana'ar a rufi yake. Mai iya ta da bango yana da yawa, mai iya ɗaura baka kuwa ya yi ƙaranci.

Sana'ar ba ita kaɗai take tafiya ba. Laso, wanda ake shafe rufi da shi domin ya hana ruwa, daga katsin marina ake haɗa shi, saboda haka mutuwar karofi ta taɓa magini. Makuba daga ɗorawa take, azara daga giginya, itatuwan nan kuwa suna raguwa a gonaki. Sa'an nan ga harshe. Kalmomi irin su ɗaurin guga da tulluwa da laso da makuba suna rayuwa ne a bakin masu aiki da su. Ƙamus zai iya adana kalma da fassararta ta layi ɗaya, amma ba zai adana sanin lokacin da kwaɓi ya nuna ba. Ɗalibin Hausa da ya haddace bakan gizo a matsayin abin da ke fitowa a sama bayan ruwa kaɗai, ya rasa rabin ma'anar kalmar.

8.0 Kammalawa

An ga cewa Kalaba ta sayo gininta daga ƙetare, Wusasa kuwa ta miƙa bukatarta ga maginan gari, su kuma suka sarrafa bakan da suka gada ya yi aikin da ba a ƙirƙire shi dominsa ba. Wannan ya nuna ginin Hausa sana'a ce mai ƙa'idoji, wadda za ta iya ɗaukar masallaci da fada da makaranta da majami'a, kuma ya dace a karanta ta a haka. An kuma ga cewa ƙarfin ginin da rauninsa abu guda ne, wato dogaronsa ga hannun magini kowace shekara.

Bisa ga haka ana ba da shawara ga sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi su tura ɗaliban manyan digiri zuwa Gaya da Ajingi da makamantansu, su zauna da tsofaffin magina, su ɗauki maganarsu yayin da suke kan aiki, su auna sorayen da suka rage, su rubuta sunan wanda ya gina kowanne. Ana kuma ba da shawara ga malaman da ke koyar da al'ada su riƙa kai ɗalibai Masallacin Juma'a na Zariya da cocin Wusasa a rana guda, tun da tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce 'yan kilomitoci ba.